Kaluluwa Mai Uwa

Jinin farko da na shimfiɗa a kan gilashi, Oga Danladi bai ko sa shi a madubin duba jini ba. Ɗaga shi ya yi wajen taga, ya karkata kai, ya ce, "Garba, wannan shimfiɗar jini ce ko yaɓen ɗaki?" Ya jefa shi cikin bokitin ruwan sabulu. Na biyu ma haka. Ranar nan gilashi goma sha ɗaya na ɓata, duka da jinin yatsana, don ya ce ba zai ba ni jinin majinyaci in yi wasa da shi ba. Oga Danladi mutumin Zuru ne, gajere, mai faɗa kamar me, kuma a hannunsa na koyi aikin lab a Sakkwato, kafin a yanke mana jihar Kebbi.

Ku da kuke zuwa koyon aiki yanzu, ku zuba jini a kwalba, ku tura wa inji, ya yi ƙugi ya tofo muku takarda. Shi ya sa jiya na ji ɗayanku yana gaya wa budurwarsa a waya wai aikin lab danna maɓalli ne kawai. Kada ka sunkuyar da kai, na ji ka sarai. Ku jawo benci ku zauna.

A zamaninmu ɗigon jini ake ɗauka, bai fi ƙwayar gero ba. Ka ɗiga a gefen gilashi, ka kafa wani gilashin a karkace, ka tura sau ɗaya. Sau ɗaya fa! In hannunka ya yi rawa, an gama. Ya bushe, ka zuba rini, ka jira, ka wanke, ka ɗiga mai, sannan ka kai shi ƙarƙashin maikiroskop, wanda mu madubi kawai muke ce masa. Daga nan sai ƙirga. Fararen ƙwayoyin jini ɗari za ka ƙirga da idonka, kowace ka sa ta a jinsinta. Ba mu da abin dannawa. Murafun kwalbar lemo biyar nake jerawa a gefen hannuna da ƙwayar shinkafa guda ɗari, duk wadda na gani in jefa ƙwaya a murfinta. Shinkafa ta ƙare, ƙirga ya cika.

Biyu daga cikinsu ne suka fi cika murfi. Akwai mai tsinkakken ciki, su ne masu gaggawa, ko ƙaya ka taka su za su fara isa, su yi faɗa su mutu a wurin, gawarsu ce mugunyar da kuke gani. Sai kuma ƙanana zagayayyu, rini ya cika musu ciki da shuɗi mai duhu, su ne limfosayit. Oga yana ce musu 'yan shiru. Ba su da hayaniya, amma in suka taɓa haɗuwa da cuta sau ɗaya ba su mance fuskarta. Masaukinsu kuwa 'yan ƙulle-ƙullen nan ne na wuya da hammata da matsematsi, waɗanda in sun kumbura muke cewa kaluluwa ta fito.

Da aka ba mu jiha, ni da Oga aka turo mu Birnin Kebbi. Shekarar farko, Allah kada Ya maimaita. Madubi ɗaya gare mu, irin mai karɓar hasken rana, in hadari ya haɗu aiki ya tsaya. Damina ta sa hunhuna ta kama gilashin idonsa, kullum sai mun goge. Ga jama'a, duk wanda aka ɗauka sabon aiki sai an gwada shi. Ka ce wa mutum ya kawo fitsari kaɗan, gobe ya zo maka da galan cike, yana haki, wai don kada ya kasa. Na kama ɗaki a Nassarawa, ina da tsohon babur, ranar Asabar in hau in tafi ƙauyenmu can bayan Argungu, cikin fadama. A irin wannan zuwa ne na tarar da abin da nake so in ba ku labari.

Ƙanwata Hajara tana goyon ɗanta na fari, Nasiru, wata uku da haihuwa. Ko ruwa ban sha ba ta ja ni ɗaki, ta ɗaga hannun yaron na hagu. Ga kaluluwa a hammata, ta kai ƙwan tantabara, da tauri, ba zafi, yaro yana ta wutsil-wutsil yana dariya. Na duba damtsen, ga tabon allurar rigakafin tarin fuka da aka yi masa bayan suna. Na san wannan. Yana faruwa ga wasu jarirai. 'Yan shiru ne suka taru a masauki mafi kusa suna koyon fuskar abokin gaba. Hajara ta ce ta kai shi asibitin Argungu, malamar ta ce a bar shi, zai sace da kansa, in ya yi laushi a dawo da shi.

"To ai shi ke nan," na ce.

"Yaya, ba shi ke nan ba. Kawu ya ce jibi Litinin da safe zai tsaga ta."

Kawu Manu ƙanen mahaifiyarmu ne, kuma shi ne wanzamin yankin gaba ɗaya. Aski, ƙaho, kaciya, tsaga, duk shi. A danginmu kuwa ba a fitar da kaluluwa a wuce ƙofarsa. Kada ku ɗauka mutum ne marar lissafi. Yana da ƙa'idarsa, tun ina yaro na san ta. In aka zo masa da kaluluwa a matsematsi, ƙafa yake fara dubawa. In ya ga ƙaya ko faso ko miki, sai ya ce wannan tana da uwa, ya yi maganin ƙafar, ba ya taɓa kumburin. In bai ga komai ba, ya ce marainiya ce, mugun jini ne ya taru, sai aska.

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Hammatar jariri ba wurin wasa ba ce, manyan jijiyoyin jini suna nan kwance. Ko an tsira daga zubar jini, irin wannan kaluluwar in aka tsaga ta bakin ba ya rufewa, sai ta yi watanni tana tsiyaya. Na taɓa gani da idona.

Sai na yi wautar da har yau in na tuna nake jin kunya. Na tafi zauren Kawu kai tsaye. Yana tsakiyar yi wa wani dattijo aski, mutum shida suna jiran layi. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na ce, "Kawu, abin da za ka yi wa yaron nan aikin duhun kai ne."

 Dattijon da ake yi wa aski, rabin kai fari rabi baƙi, ya juyo yana kallona da baki buɗe.

Kawu ya goge askar a tafin hannunsa a hankali. "Mi ka ce?"

Na ɗan sassauta. Na ce kaluluwar tana da uwa, tabon allurar nan ne uwarta.

"Wanga ɗan tabo? Garba, allura ɗigon ruwa ta. Ba ƙaya ba, ba miki ba, kuma an yi ta tun watanni. Ɗigon ruwa ba shi haihuwar kaluluwa. Shekara arba'in ina wagga sana'a. Kai kanka ni na yi maka kaciya, kana ihu kana kiran innarka, yau kai ka koya mini jikin mutum?"

Aka fashe da dariya. Na fita kunnuwana suna zafi. Na sami Umaru, mijin Hajara, a gonar shinkafa, ya ce shi abin da Kawu ya yanke shi ke nan. Innarmu ma ta ce ƙanenta bai taɓa kashe ɗan kowa ba, in tafi in ba shi haƙuri.

Lahadi da sassafe na buga babur sai gidan Oga a Gwadangaji. Na zayyana masa komai ina jiran ya ce na yi daidai. Ina! Wankin babban bargo ya yi mini. "Ka shiga wurin sana'ar mutum, a gaban masu jiran askinsa, ka ce masa jahili? Ni in wani ya yi mini haka a lab, da bokiti zan raka shi. Yanzu ko ya gane gaskiyarka ba zai iya janyewa ba." Ya sosa ƙeya. Can ya ce, "Me ya ce ma? Ɗigon ruwa ba ya kiran kumburi? To a ɗiga masa mana."

Nan na gane nufinsa. Akwai gwajin fata na tarin fuka da ake yi a ɗakin tari da ke jikin namu, mu ma muna taimakawa. Ruwa ne ɗan mitsitsi ake sawa cikin fatar hannu. Ba ciwo, ba jini. Bayan kwana uku, in jikin mutum ya taɓa sanin ƙwayar cutar, wurin zai tashi ya yi tauri, don 'yan shiru sun taru.

Na koma ƙauye a ranar, bayana kamar zai ɓalle. Ban iya haɗa ido da Kawu ba, ta wurin Inna na bi. Na ce ta roƙe shi ya ɗaga tsagar, ya zo Birni ya ga wurin aikinmu, shugabana ne yake gayyatarsa. Abin da ya ja shi, daga baya ya faɗa, so yake ya ga yadda muke fitar da jini ba ƙaho.

Litinin na goyo shi a babur har muka iso. Oga kuwa, mutumin da bai taɓa miƙe wa kowa ba, ya tashi tsaye, ya cire hula. "Sarkin Aska, barka da zuwa! Mu ai 'ya'yanku ne a harkar jini." Ya goge kujerarsa ya ba shi. Na ga fuskar Kawu ta ɗan saki. Aka ce za a ɗebi ɗigon jininsa ya gani. Na ɗauko tsinken huda yatsa, ya harare ni, ya zaro 'yar askarsa ya ɗan taɓa yatsansa da kansa. "Ni za a nuna ma fidda jini?"

Da ya leƙa madubi, da farko gashin idonsa kawai yake gani, ya ce jininsa duk ciyawa ne. Oga ya gyara masa. Sai ya ƙura ido. Ya daɗe. Oga yana nuna masa jajaye, ga masu gaggawa, ga 'yan shiru.

"Duk waɗanga cikin ɗigo guda?"

"Ƙwarai, Sarkin Aska."

"To in na taka ƙaya a ƙafa, su suna can cikin ƙirji, wa ka tahiya shi gaya musu?"

Oga ya tafa hannu, don tambayar ta yi masa daɗi. Ya ce wurin da ya ji ciwo shi ke sakin wani abu cikin jiki, kamar ƙamshi. Kusa da ciwon ya fi ƙarfi, nesa ya fi rauni, su kuma suna bin sa daga inda ya yi rauni zuwa inda ya yi ƙarfi, yadda mutum ke gano gidan da ake suyar kifi ba tare da ya tambayi kowa ba. Kawu ya ce mene ne sunan abin. Oga ya ce ko an raɗa masa suna, labari bai iso Kebbi ba tukuna. Sai bayan shekaru na ji sunan a bakin wata matashiyar likita, kemokayin, wanda kuke haddacewa yanzu don jarrabawa. Ta ce ba ma guda ɗaya ba ne. Wani masu gaggawa yake kira, wani 'yan shiru, wani kuma aikinsa ya shigar da su cikin masaukinsu ya nuna wa kowa inda zai zauna. Na ce Allah Ya saka wa Oga da alheri, da hanci ya gano abin da wasu suka gano da manyan injina.

Aka zo maganar gwaji. Oga ya faɗi sharaɗi a fili. In ɗigon ruwa ya kira kumburi nan da Alhamis, Kawu zai sake duba maganar yaro. In bai kira ba, ba za mu ƙara cewa uffan ba. Na yi maza na naɗe hannun rigata, don na san nawa zai tashi, an yi mini rigakafin kuma kullum cikin kakin masu tari nake.

"A'a," in ji Kawu. "Hannunka na asibiti na, kun san junanku. A yi ga nawa."

 Na ja Oga bayan ƙofa na ce tsohon nan ba a taɓa yi masa rigakafi ba, in jikinsa bai san cutar ba ai ba abin da zai tashi. Oga ya ce mutumin da ya shekara arba'in hanci da hanci da jama'a suna yi masa tari a fuska, da wuya a ce bai taɓa shaƙa ba.

"Da wuya, Oga, ko ba zai yiwu ba?"

"Da wuya na ce. Kai ka jawo, sai ka yi addu'a."

Malamar ɗakin tari ta yi masa allurar, fata ta ɗan tashi kamar cizon sauro. Aka ce kada ya sosa, kada ya shafa komai. Kafin mu gama cin tuwo a bakin asibiti wurin ya baje. Ya miƙo mini hannun har gaban hanci yana murmushi. "Ga shi, ya ɓace tun ban bar garinku ba. Alhamis da hantsi ka zo ka riƙe mini yaron."

Talata da Laraba ban san me na yi ba. Sau biyu ina zubar da shinkafar ƙirga, Oga ya ƙwace madubi ya ce in je in wanke kwalabe. Alhamis na ɗauki biro da 'yar rula na kama hanya.

Na tarar da gidan Hajara an riga an shirya. An shimfiɗa tabarma a tsakar gida, tukunyar ruwa tana kan wuta, Inna da maƙwabta mata suna tsaye jikin bango. Hajara tana zaune ta ƙanƙame yaro, idonta ya yi ja. Sai ga sallamar Kawu. Zabirar askarsa tana rataye a kafaɗa, ya sa riga mai dogon hannu har wuyan hannu, fuska a murtuke. Idona ya sauka kan zabirar nan. Na ce a raina shi ke nan, na kashe maganar da bakina.

Ya zauna a tabarma, ya ajiye zabira, ya gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar Umaru ruwan fadama. Ni dai ina tsaye kamar an dasa ni. Sai da ya ga dama sannan ya naɗe hannun riga.

Ga shi nan! Ja, ya tashi, faɗinsa ya kai ƙwallon dabino. Na durƙusa na zaro biro zan auna, don mu taurin muke aunawa, ba jan ba. Ya buge mini hannu.

"Kau da alƙalaminka. Tun shekaranjiya da la'asar nike shafa tai. Da hwari kamar tsaba, jiya kamar wake." Ya danna wurin da babban yatsa, ya girgiza kai. "Ba ƙaya, ba miki. Kuma 'yan shirun sunka zo."

Na yi saurin gaya masa wannan ba ya nufin yana da ciwon, sanin cutar kawai jikinsa ya yi, amma za mu duba kakinsa don a tabbata. Mun duba kuwa daga baya har sau uku, fes yake. Shi ko saurarena bai yi ba. Ya ce, "Hajara, miƙo shi."

Ta dube ni. Na gyaɗa kai, ban san ma dalilin da ya sa na gyaɗa ba. Ya karɓi Nasiru ya kwantar a cinya, ya ɗora yatsa a kan tabon damtse, ya ja shi a hankali har cikin hammata, ya tsaya a kan kaluluwar. Ya sake komawa, ya sake ja. Yaron ya ji cakulkuli ya ƙyalƙyale da dariya.

"Tana da uwa," in ji Kawu. "Ba a taɓa ta. Abin da malamar asibiti ta ce, shi za ki yi. In ta yi laushi ki kai musu, kada ki kawo mini."

Hajara ta karɓe ɗanta, tana kuka tana dariya lokaci guda. Ni kuwa daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa hannuna, na yi ta cusa rula a aljihu tana faɗowa. Kaluluwar nan wata huɗu ta yi tana raguwa har ta ɓace, ba aska ba allura.

Umaru ya tashi zai sauke tukunya daga wuta.

"Bar ruwan ga," in ji Kawu. Ya jawo zabira ya kwance, ya zaro aska yana wasa ta a fata. "Ni ban hita da zabira in maishe ta gida aska ba ta ci komi ba. Garba, cire hula."

Jama'a, lokacin ina da suma! Irin ta samarin ma'aikata, wata takwas ina tara ta, kullum da mai da mashaci. Na dubi Inna, ta kau da kai tana danne dariya. Na cire hula, na durƙusa a tabarmar da aka shimfiɗa don Nasiru. Ya jiƙa mini kai da ruwan ɗumin, ya kama ƙeyata, na ji askar tana tafiya ƙyat-ƙyat, suma tana zuba a cinyata. Matan gida suka saki guɗa kamar ranar suna.

Da ya kai rabin kai na ce, "Kawu, maganar da na yi a zaure, ka yi mini gafara. Ban kyauta ba."

Hannunsa bai tsaya ba. "Na ji. Asabar ka zo zauren ka maimaita ta inda ka yi ta hwarko, mutanen nan shida duk zan kira su." Ya karkata mini kai ya kama kunnena. "Yanzu dai bar motsi. Ɗa guda na ƙyale yau, kada ka sa in yanki na biyu."